Wasannin bidiyo a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: daga rumfar gem zuwa fadar cikin waya

Wasan bidiyo, wanda yara ke kira gem, shi ne duk wasan da ake bugawa a kan allon talabijin, kwamfuta ko wayar salula. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maradi, iri biyu aka fi sani. Akwai na rumfa, inda mai na'ura ke ajiye talabijin da benci, yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya ya karɓi manet ya buga da abokinsa. Akwai kuma na waya, wanda mutum ke bugawa shi kaɗai ko tare da wasu ta intanet. Wanda ya bi babbar hanya ta ɗaya bayan sallar isha'i, daga Gidan Rumji ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, zai ga dukkan su biyun: nan hasken talabijin a ƙarƙashin rumfar kwano, can samari huɗu a kan tabarma, butar shayi na kan gawayi, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa yana yi wa na kusa da shi ihu.

Mafi yawan iyaye abin da suke gani ke nan, yaro da waya. Abin da ba su gani shi ne jama'ar da ke bayan allon, da ƙa'idojinta, da shugabanninta, da kuma hanyoyin da kuɗi ke bi su fita daga aljihun yaron.

Rumfar gem

Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation ta farko a 1994, sai ta biyu a shekarar 2000. Wannan ta biyun, PS2, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, babu na'urar wasa da ta kai ta kasuwa. Da Turawa da Larabawa suka koma PS3 da ta fara fitowa a 2006, sannan PS4 a 2013, tsofaffin nasu suka gangaro Afirka ta Yamma cikin kayan gwanjo, kuma Maradi ba ta da nisa da kasuwannin Kano da Katsina. Ta haka na'urar ta isa garuruwan da ko gidan sinima ba su taɓa samu ba. PS2 tana jure ƙura, ba ta cin wuta sosai, masu gyaran rediyo sun iya buɗe ta. Shi ya sa har yau ba ta ɓace daga rumfuna ba, duk da cewa PS5 ta fito tun 2020.

Wasa ɗaya ne ya riƙe rumfar: ƙwallon ƙafa. Kamfanin Konami na Japan yana da Pro Evolution Soccer, wanda kowa ke ce wa PES. Kamfanin Electronic Arts na Amurka kuma yana da FIFA, wanda ya fara fitowa a 1993. Masoyan biyun sun daɗe suna gardama irin ta magoya bayan Real Madrid da Barcelona, kuma sau da yawa mutanen ɗaya ne, domin yaron da ya kalli wasan Laliga a gidan kallo da yamma shi ne ke zuwa rumfa da dare ya rama wa ƙungiyarsa kashin da ta sha. Sunayen sun canza: PES ya zama eFootball a 2021, FIFA kuma ya zama EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. A bakin yara dai har gobe PES ne da FIFA. Wani abin sha'awa shi ne tsohon PES na PS2 bai tsufa ba, saboda masoya a ƙasashe daban-daban suna sake masa ƴan wasa da riguna kowace kaka, su saki a intanet, masu rumfa su kwafa. Na'urar shekarar 2000 ce, amma Mbappé na ciki sanye da rigar Madrid.

Ƙa'idar rumfa ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. A wurare da dama wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna ya jira mai ƙalubale na gaba. Gwani na iya kwana a kan benci bai fitar da ko dala ba. Ƙananan yara da ba su da kuɗi suna tsaye a baya suna kallo, suna koyon yadda ake latsa maɓalli tun kafin manet ya taɓa shiga hannunsu. Mai rumfa shi ne alƙali: shi ke saita mintocin wasa, shi ke raba faɗa, shi ke yanke hukunci idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Kuma galibi ba gem kaɗai yake ci da shi ba, yana cajin wayoyi, yana tura fina-finai da waƙoƙi a katin memori.

Da wasa ya shiga aljihu

Waɗanda suka haura shekara talatin suna tuna wasan maciji na wayar Nokia, wanda kamfanin ya fara sakawa a 1997. Amma juyin gaske ya zo ne da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, Tecno da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Tun da forfen intanet yana da tsada ga ɗan lakwal, sai aka samo dabara: mutum ɗaya ya sauke wasa, sauran su karɓa daga wayarsa ta Xender ba tare da kashe ko sisi ba. Wasa ɗaya da aka sauke a Maradi ran kasuwa yana iya zagaye unguwa guda a Gangara ko Shadakori cikin mako.

Wasannin da ba su buƙatar intanet su suka fara yaɗuwa. Akwai Dream League Soccer na wani kamfanin Ingila, inda mutum ke gina ƙungiyarsa, ya raɗa mata suna, ya zaɓa mata riga. Akwai manhajar PPSSPP da ke sa waya ta buga wasannin tsohuwar ƙaramar na'urar Sony, wato PES ya bar rumfa ya shiga aljihu. Akwai Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, mutum huɗu na bugawa a waya guda. Wannan shi ne ya fi shiga cikin gida, wurin mata da ƴan mata, da ma dattawan da za su rantse ba su taɓa yin gem ba.

Sai na harbi. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo ya fito a ƙarshen 2017. Ana zuba mutum 50 daga jirgi a kan tsibiri, kowa ya nemi makami, filin yana ta ƙanƙancewa, wanda ya rage a raye shi ya ci. Wasa ɗaya kamar minti 10 ne. An ƙera shi ne musamman don ya yi aiki a ƙananan wayoyi, abin da ya sa ya zama wasan waya da aka fi saukewa a duniya a 2019, ya mamaye Brazil da Indonesiya da sauran ƙasashen da talaka ya fi yawa. PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, yana ɗaukar mutum 100, ya fi kyan hoto, amma yana son waya mai ƙarfi da rezo mai kyau. A nan ma akwai bambancin aji: wasan da yaro ke bugawa yana faɗa maka irin wayar da ke hannunsa.

Fada ce ta koma cikin waya

Wanda ya san fada ba zai sha wahalar gane wannan jama'a ba. Fada a Nijar taron samari ne masu suna guda, da wurin zama guda, da shugaba, da asusun shayi da sukari. Ƙungiyar ƴan wasan intanet haka take. A Free Fire ana shiga fili mutum huɗu-huɗu, kuma sama da wannan akwai babbar ƙungiya, gild, mai suna da tambari da shugaba wanda ke da ikon shigar da mutum ko korarsa. Sau da yawa gild ɗin fadar unguwa ce ta ɗauki sunanta ta kai can. Kowane ɗan wasa yana da laƙabi, kuma akwai yaran da aka fi saninsu da laƙabin gem fiye da sunan yanka.

Zaman ƙungiya a WhatsApp yake. Can ake sa lokacin haɗuwa, can ake tura hoton nasara, can ake yi wa wanda ya gudu ya bar abokansa a fili tsiya har kwana uku. Saƙon murya ya fi rubutu yawa, don haka wanda bai yi nisa a lakwal ba bai rasa komai ba. Cikin wasan kansa ana magana kai tsaye, kuma harshen da ake ji gauraye ne: Hausa ce gindi, da Faransancin lakwal, da kalmomin Ingilishi da aka ɗauka daga allon wasan ko daga bakin abokan Najeriya. Iyaka ba ta da ma'ana a nan. Yaron Gazawa da na Jibiya ko Katsina suna iya zama ƙungiya guda shekara biyu ba su taɓa ganin juna ba.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Waɗannan gundumomi uku ƙasar tafiya biɗa ce: bayan an gama girbin gero da aya, samari suna watsewa zuwa Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya. A da, wanda ya tafi ya fita daga fada sai damina. Yanzu da dare yana shiga fili tare da waɗanda ya bari a gida, ana harbi ana hira, a nan yake jin wanda ya yi aure da farashin buhun gero. Na fi ganin darajar wannan a kan duk wata gasa.

Gasa ma ana yi, musamman lokacin hutun lakwal da bukukuwan salla. Kowa ya zuba kuɗin shiga, a jera sunaye a takarda, a yi ta fitar da juna har a samu zakara, ya ɗauki abin da aka tara ko wata kyauta da mai rumfa ya sa. Ƴan mata kusan babu su a rumfa, domin wurin zaman maza ne. A intanet kuwa suna nan, wasu da laƙabin maza don gudun damuwa daga waɗanda ba su san iyakarsu ba.

Wuta da rezo

Babu wanda ya san jadawalin ɗauke wuta kamar mai rumfar gem. Yankin Maradi da Damagaram yana samun wutarsa ne ta babban layi mai ƙarfin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, daga nan ya rabu, reshe ɗaya ya yi yamma zuwa Maradi, ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin Nigelec a farkon watan Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, wutar ta dawo a watan Maris. Watanni bakwai ke nan da duk mai sana'ar da ta dogara da lantarki ya koma lissafin man janareta ko ya nemi farantin sola da batir. A ƙauyukan da layin Nigelec bai kai ba, dama can da sola ake komai, kuma kuɗin cajin waya yana cikin kuɗin wasa.

Na biyu shi ne rezo. Kamfanoni huɗu ke aikin salula a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms na gwamnati. Ɗan wasa ba ya tambayar wanne ya fi arha kaɗai, yana tambayar wanne ya fi ƙaramin ping. Ping shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka daga waya zuwa babbar kwamfutar kamfanin wasan ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Waɗannan manyan kwamfutoci ba a Nijar suke ba, kuma ƙasar ba ta da teku, sai saƙon ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya hau wayoyin ƙarƙashin ruwa. Idan ping ya yi yawa, yaro yana ganin abokin gaba a gabansa alhali wancan ya riga ya wuce ya harbe shi. Shi ya sa ake wasa da tsakar dare lokacin da rezo ya sake, shi ya sa kuma za ka ga samari sun taru a wani tudu ko kusa da eriya. Ba iskanci ke kai su can ba, sigina suke bi. Intanet na tauraron ɗan Adam na Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma inda wani ya sayi na'urar yana sayar da wifi, nan take wurin ya zama sabuwar matattarar ƴan wasa.

Inda kuɗi ke bi

Free Fire da PUBG Mobile da eFootball kyauta ake sauke su. To da me kamfanonin ke cin riba? Da kayan cikin wasa. A Free Fire akwai kuɗin wasa da ake kira dayamon, a PUBG ana ce masa UC. Da kuɗin gaske ake sayensu, sannan a yi amfani da su a sayi riga, ko fentin bindiga, ko wata rawa da mutum-mutumin ɗan wasa zai taka idan ya ci. Babba zai yi dariya, ya ce ana sayen rigar da ba a sa wa jiki. Amma a cikin gild, wanda bai da ita kamar wanda ya je idi da tsohuwar riga ne, kuma yaro ɗan shekara 14 yana jin wannan kunyar da gaske.

Sayen dayamon kai tsaye yana son katin banki, wanda ƙalilan ne ke da shi a nan. Sai dillalai suka shiga tsakani: yaro ya tura sefa ta waya ko ta gidajen aika kuɗi, ya ba da lambar asusunsa na wasa, dillali ya zuba masa. Akwai masu gaskiya a cikinsu, akwai kuma waɗanda ke karɓar kuɗin su toshe lambar yaron. Wata damfarar ta fi wannan muni. Ana turo saƙo a ce ga dayamon kyauta, a buɗe wani shafi a rubuta suna da kalmar sirri. Tun da yawancin asusun wasa a ɗaure suke da Facebook ko Google, wanda ya rubuta ya ba da makullin gidansa gaba ɗaya, kuma idan wayar ta uwarsa ce ko ta yayansa, asusunsu ne ya tafi, da hotuna da lambobin dangi. Haka nan akwai cinikin asusu, inda mai tsohon asusu mai kaya da yawa ke sayar wa wani. Dokokin kamfanonin wasan sun hana wannan, saboda haka wanda aka cuta a irin cinikin ba shi da wurin kai ƙara a wajensu.

Sai akwatin sa'a. Ɗan wasa ya biya dayamon ya juya wata ƙafa, ko dai ya samu kayan da yake so ko ya samu tarkace, sai ya sake biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake biya da kuɗi caca ce, ta hana su. A ganina malamanmu da ke wa'azi kan gem sun fi dacewa su tsaya a nan, da kuma kan kuɗin da ƴan kallo ke zubawa a gefen rumfa a kan wanda zai ci, maimakon su haɗa komai su yi masa kuɗin goro. Yaron da ya saba juya ƙafar sa'a yana shekara 12 ba zai ji baƙunta ba ranar da ya tsaya gaban shagon cacar ƙwallo.

Abin da likitoci da doka suka ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a watan Janairu 2022. Ma'aunin da ta sa ba yawan awoyi ba ne. Abu uku ta duba: mutum ya kasa riƙe kansa a kan lokacin wasa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ga haka ya ɗore kamar wata 12. Hukumar da kanta ta ce ƙaramin kaso ne na masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Yaron da ya buga awa biyu bayan ya dawo daga gona ba majinyaci ba ne. Wanda ya daina zuwa makarantar allo da asuba, yana barci a aji ana saura wata biyu jarrabawar BEPC, kuɗin cefane na ɓacewa a hannunsa, wannan shi ne abin dubawa.

Ga uba ko uwa da ke son sanin inda aka kwana, akwai abubuwa biyu masu sauƙi. A Play Store kowane wasa yana ɗauke da lambar shekarun da suka dace da shi, kuma ana iya saita wayar ta nemi kalmar sirri kafin duk wani saye. Sauran kuwa tambaya ce irin wadda ake yi kan kowace fada: su wane ne abokan, wane ne shugaban, ɗan ina ne, shekarunsa nawa.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar hani, ko da yake ba don tarbiyya ba: Indiya ta rufe PUBG Mobile a 2020 da Free Fire a 2022 bisa dalilan tsaron bayanai. A Nijar abin da ya shafi ƴan wasa kai tsaye shi ne dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a watan Yuni 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta hanyar na'ura. Ashar da ake aikawa a saƙon murya bayan an sha kashi a fili tana nan a ajiye a wayoyin mutum talatin.

Na waje da na gida

A wasu ƙasashe wannan wasa sana'a ce. Gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021 ta tara masu kallo sama da miliyan 5 a lokaci guda, kuma gasar wasannin bidiyo da Saudiyya ta shirya a Riyad a 2024 ta raba kyautar dalar Amurka miliyan 60. Yaran nan suna ganin haka a YouTube da TikTok, suna mafarki. Tsakaninsu da can akwai ping da waya da biza, kuma babu ɗaya da ƙwarewar yatsa ke gyarawa.

Ƙera wasan ya fi kusa da hannu fiye da yadda ake zato. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka. A Yamai ma kamfanin MOG Media Design ya yi Les Héros du Sahel, wanda jaruminsa ke samun ƙarfi daga rana. Kayan aikin gida kuwa ba su ƙare ba. Ga kokowa, wadda duk ƙasar ke tsayawa cak ranar da ake neman takobi. Ga langa. Ga dara, wadda dattawa ke bugawa a gindin bishiya a Tibiri da Gidan Sori da Saye Sabuwa: ramuka 30 a ƙasa, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya cire wa abokin karawarsa ɗa guda, har sai ɗayan ya kasa jera uku.